Ƙwaryar Inna da Bindigar Kawu Nomau

Zan fara da neman afuwa, domin abin da zan faɗa ya daɗe, kuma na lura tunanin mutum yakan yi masa gyare-gyare ba tare da ya nemi izininsa ba. Akwai wuraren da nake da tabbaci, akwai inda zato kawai nake yi, zan yi ƙoƙari in riƙa nuna wanne ne wanne. Abin da ya taso mini da maganar shi ne, kwanakin baya na je gida Matameye gaisuwa, na bi hanyar Dungu da hantsi, na ga gonakin gero an ɗaɗɗaura musu tsummokin leda suna ta kaɗawa a iska don korar tsuntsaye. Na tsaya na kasa kunne ko zan ji ƙarar bindiga daga wani gefe, shiru. Na tambayi saurayin da ya ɗauko ni a babur ko akwai sauran mai ɗura harsashi da hannunsa a garin. Ya waiwayo ya ce, "Baba, dama ɗura shi ake yi? Ni na ɗauka haka ake sayo shi." Ban ga laifinsa ba. Amma tun daga ranar nake jin warin kakin zuma da albarushi a hancina, har na ga gara in zauna in rubuta.

Kawu Nomau wan mahaifiyata ne, manomi kuma maharbi. Bindigarsa mai baki ɗaya ce, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi, kuma ta tsufa har an ɗaure ƙotarta da ɗanyar fata. A iya sanina bai taɓa yar da kwanson harsashi ba. In ya harba sai ya zare kwanson, ya busa shi, ya jefa a aljihu. Masu dawowa daga cin rani a Kano da Katsina sun san tsarabarsa: wasu a kawo musu turare ko hula, shi kuwa a kawo masa kwansunan da aka tsinto, ja da kore da baƙi, ya karɓa yana murna kamar an ba shi ingarma. Ranar da zai yi ɗuri yakan shimfiɗa buzu a gindin tsamiyar ƙofar gida bayan an karya kumallo, ya jera kayansa: ɗan ƙahon akuya da yake awo da shi, wata guntuwar sanda da ta yi santsi don dannawa, audugar rimi, tsumma, da kaskon da yake narka kaki. Albarushin kuwa wajen wani tsoho a Dawce yake samowa, ban taɓa sanin yadda ake yin sa ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na fi riƙewa shi ne sautin aikin. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, yana danna audugar a hankali, daga cikin gida kuma matarsa Inna Haɗiza tana daka, sai ka ji kamar taɓarya da sandar suna amsa wa juna. In ya gama kowane ɗaya sai ya rufe bakinsa da kaki, ya danna da babban yatsa, ya ajiye.

Abokin zamansa shi ne Baba Idi mai liƙi, wanda ke toshe hudar kwanuka da bokitai da gwangwanin ban ruwa. Tun suna yara suke tare, kuma tun suna yara suke tsokanar juna. Baba Idi yakan ce, "Nomau, mutum da girmanka kana wasa da bawon da wasu suka yar. Je ka Damagaram wajen Alhazai ka sayo sabo mana." Kawu ba ya ɗaga kai, sai ya ce, "Wanda ya ɗura na kanti ya san bindigata? Ya taɓa ganin kafaɗata? Ya zuba mata abin da zai fasa ta, ya tafi ya kwanta a garinsu." Wata rana kuma ya ce na kanti ba ya bambanta zabo da zomo: ka harbi fakara da shi, ka je ɗauka ka tarar da gashi kawai, Inna ta rasa abin sa wa a miya. Shi kuwa kowane aiki da nasa awon. Akwai na tsuntsu, akwai na dabba mai gudu, akwai na ƙara zalla wanda ake harbawa sama in Alhaji ya dawo ko an haifa wa maharbi ɗa. Da aka rufe iyaka kuma harsashin kanti ya yi wuyar samu, sai ya sami abin rama tsokana. Ya ce, "Idi, ina Alhazan naka?" Amma ina jin, ko da ana raba na kanti kyauta a bakin kasuwa, da ba zai bar zaman gindin tsamiyar nan ba. Daɗin aikin yake ji. Yanzu kusan duk abin da muke amfani da shi a rufe yake zuwa, ba mu san cikinsa ba, in ya lalace mu jefar. A lokacin mutum yana so ya san abin da ke cikin abin da ya riƙe.

Jakarsa ta fatar akuya aljihu biyu gare ta. Tun ina ƙarami na san ɗaya na harsasai marasa nauyi ne, na ƙara, ɗaya kuma na masu nauyi, masu darma. Wannan sanin na ƙuruciya shi na riƙe, kuma shi ya kusa ja mana.

Shekarar da nake magana a kanta ita ce ta babban farin nan na zamanin soja. Na gama karatu a Yamai, na dawo gida ina jiran takardar da za ta faɗa mini inda za a tura ni aiki. Ruwa ya yi sau biyu ko uku ya ɗauke. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mahaifina da yawancin mazan unguwarmu ba su jira kaka ba, suka bi hanyoyin daji ta wajen Ɗan Barto suka tsallaka neman abin da za su aiko. Ba zan ce ba a sha wuya ba, an sha. Sai dai abin mamaki, in na tuna shekarar dariya nake fara tunawa kafin yunwa, wataƙila don gidan Kawu na zauna. Yana da wata ƴar gona a kwari, a gefen fadama kan hanyar Dungu, inda ruwan da ya sauka ya kwanta. A nan kaɗai, duk yankinmu, gero ya fitar da kai ya yi ido. Dattawan unguwa suka zo suka duba, suka yi shawara cewa wannan ba na ci ba ne. Iri ne. In ya tsira, kowane gida zai sami abin shukawa baɗi. In bai tsira ba, sai dai a shuka abin da aka samu a kasuwa ko na taimako, wanda ba wanda ya san ko ya dace da ƙasarmu.

To, ba mu kaɗai muka ga gonar ba. Tsuntsayen jan baki da suka rasa abinci ko'ina suka gano ta. Da sassafe sai ka hango su daga gabas kamar hayaƙi, suna murɗawa suna miƙewa, kukansu kamar ana zuba tsakuwa a kwano. An gwada gwangwani da igiya, an gwada majajjawa da ihu, kwana biyu suka saba. Abu ɗaya suke tsoro, bindigar Kawu. Sai ya yi rumfa a tsakiyar gonar, ya wuni a kai, in sun taso ya sakar musu ɗaya su watse. Saura kamar kwana goma sha biyu geron ya ƙosa.

Ni kuwa zaman banza ya dame ni, ga kuma son in nuna karatuna yana da amfani. Wata rana da azahar, Kawu ya dawo salla ya bar jakarsa a rataye, na zazzage harsasan duka. Na ga ja da kore da baƙi a cakuɗe, raina ya ce wannan ba tsari ba ne. Na sami kwalin sukari, na yanka masa layuka, na jera ja wuri ɗaya, kore wuri ɗaya, baƙi wuri ɗaya, har na rubuta sunan kowane launi da Faransanci a gefe. Sai da na gama na tuna maganar aljihu biyu. Kawu ya shigo ya tsaya a kaina, ya dubi kwalin ya dube ni. Ya ƙwala wa Inna kira: "Haɗiza, zo ki ga Mushe ya sa harsasaina lakwal, kowa da ajinsa!" Lakwal ita ce makarantar boko a bakinmu; Mushe kuwa, wato malamin boko, shi yake ce mini tun da na tafi lise, babbar sakandare. Inna ta leƙo tana dariya ta ce, "To Allah ya sa su ci jarrabawa." Na ce, "Kawu, na haɗa masu nauyi da marasa nauyi, ka yi haƙuri." Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Shi ke nan, yanzu sai Allah ya san wane ne wane." Ya ɗauki kwalin ya sa a hammata ya koma gona. Wasa yake yi. Ni ban gane wasa ba ne, na riƙe maganar a ciki kamar dutse.

Dalilin damuwata shi ne, a lokacin gwamnatin soja ta hana farauta, kuma ba a wasa da umarni. Bindigar Kawu tana da takarda, amma in aka same ka da harsashi mai darma a daji, an ɗauka farauta kake yi, a karɓe bindigar. Na so in tambaye shi ko da gaske akwai masu darma a ciki, sai na ji tsoron amsar. Na ce a raina, in ban sani ba, ba wanda zai ce na ɓoye.

Bayan kwana uku, ko huɗu, ban riƙe daidai ba, muna gona da hantsi ni da Kawu da Baba Idi, Inna ta kawo ƴar fura a ƙwarya mun sha, sai ga mota ta tsaya a bakin hanya. Wani ma'aikacin gandun daji ya sauko, dogo, kakinsa a goge, takalminsa na ƙyalli. Mutumin yamma ne, ba ya jin Hausa sosai, don haka da ya ji na gaishe shi da Faransanci sai ya ce in yi tafinta. Bai zo da faɗa ba. Ya ce an kai rahoto ana jin harbi kullum a nan, shi kuwa aikinsa ne ya bincika. Ya duba takardar bindigar, ya gyaɗa kai. Sannan ya nuna kwalin ya ce in tambayi tsoho: akwai darma a cikin waɗannan?

Na tambaya. Kawu ya ce, "Ka ce masa babu."

Kalma ɗaya ya ba ni. Amma ni da na ɗauki masu nauyin nan a hannuna, bakina ya ƙi fitar da ita ita kaɗai. Na ce wa jami'in, a iya abin da muka sani, kuma bisa ga abin da kawuna ya bayyana, ana iya cewa galibinsu, in ba duka ba, an yi su ne da nufin ƙara, ko da yake ni kaina ban halarci ɗurin kowane ɗaya ba. Ina magana ina ganin girar mutumin tana hawa.

Kawu ya taɓa ni ya ce, "Mushe, ni 'babu' na ce. Duk wannan doguwar a cikin 'babu' take?"

Baba Idi ya ce, "Faransanci ke nan, Nomau. Kalma ɗaya sai ta haifi tagwaye."

Jami'in bai yi dariya ba. Ya ce tunda ɗan gidan ma bai tabbata ba, shi ba zai tabbata ba. Ya waiga ya ga ƙwaryar furar Inna a ƙasa, ya ɗauka ya kife ta a kan wani kututture, ya ƙirga taki goma. Ya ce shi zai zaɓi harsashi ɗaya da hannunsa, tsoho ya harbi ƙwaryar. In ta huje, zai tafi da bindiga da kwalin. In ba ta huje ba, ya bar su.

Da na fassara, Inna ce ta fara magana. Ta ce, "Ƙwaryata? Wadda uwata ta ba ni? Duk ƙwaryar da ke Matameye bai ga ta harbi ba sai tawa?" Kawu ya ce, "Haɗiza, ki bar shi." Ta ce, "Na bar shi. Amma in ta fashe, kai da Mushe ku nemi inda za ku sha fura."

Ni kam ba ƙwarya nake gani ba. Geron nake kallo, zangarniya cike da ido, ga jan baki can sun yi baƙi a kan bishiyoyin gawo suna jira. In motar nan ta tafi da bindigar, kafin jibi ba abin da zai rage sai kara. Kuma bakina ne ya jawo. Jami'in ya tsuguna gaban kwalina mai layuka, yana ɗaukar harsasan ɗaya bayan ɗaya yana auna su a tafin hannu. Mutum ne da ya san aikinsa. Ya ajiye marasa nauyi, ya zaɓi wani ja, mafi nauyi a cikinsu, ya miƙa. Kawu ya karɓa, ya shafa kakin bakinsa da babban yatsa, na ga gefen gemunsa ya motsa. Ya ce, "Mushe, ce wa baƙonmu ya koma ta bayana. Iska daga can take." Na fassara, wannan karon a gajarce, amma jami'in ya ce a nan zai tsaya, gefe, inda zai ga ƙwaryar da kyau. Ni ma na tsaya kusa da shi, don ina ganin bai kamata tafinta ya bar wurin aikinsa ba.

Kawu ya karya bindigar, ya sa, ya rufe, ya yi bisimilla. Ƙarar ta daki kwarin ta dawo. Wani farin gajimare ya fito daga bakin bindigar, ya buɗe kamar an zazzage buhu, iska ta kwaso shi ta juye mana a ka, ni da jami'in. Na rufe ido ina tari. Da na buɗe, na ga mutumin nan mai gogaggen kaki ya koma fari fat tun daga hula har takalmi, gashin idonsa ma fari. Toka ce. Tokar murhun Inna, tankaɗaɗɗiya. Can sama kuwa jan baki sun tashi gaba ɗaya sun nufi gabas. Ƙwaryar tana nan a kife, ta ɗan juya kaɗan.

Zamanin soja ne, kuma mun bulbule ma'aikacin gwamnati da toka. Sai Inna ta taka a hankali ta ɗauki ƙwaryarta, ta goge da gefen zane, ta tsiyaya ruwa daga gora har ya kusa cika ta, ta ɗaga sama a gaban jami'in don ya ga gindinta. Muka zuba ido. Ko ɗigo. Ta ce, "Mushe, ce masa ya wanke fuska, sauran ya sha." Mutumin ya dubi ƙwaryar, ya dubi rigarsa, ya dube ni da nake fari kamarsa, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya dafa kututturen. Baba Idi da ya daɗe yana danne tasa ya faɗi zaune a kan kunyar gero.

Da aka natsu, jami'in ya tambayi dalilin tokar. Kawu ya ce jan baki sun fara sabawa da ƙara, amma in suka ga hayaƙi ya taso musu ba sa dawowa da wuri, shi ya sa yake danna toka a wasu, su ne masu nauyin. Ya nuna mana kakin: mai shaidar farce ɗaya ƙara ce zalla, mai biyu toka. Ni da na tsaya kallon launi ban ko lura ba. Aka ce to ina darmar? Ya nuna Baba Idi da haɓa. Ashe tun bazara, da ya ga zabin daji sun rame sun ƙare, ya ce wanda ya rage a bar shi ya hayayyafa, ya kwashe darmarsa duka ya ba Idi, aka liƙe gwangwanayen ban ruwan masu lambu a fadama da ita. Baba Idi ya ce, "Ka faɗa wa Shef mai kaki, in darma yake nema ya je ya kama masu albasa." Wannan ma na fassara, kuma an sake dariya. Jami'in ya rubuta wata ƴar takarda cewa bindigar ta korar tsuntsu ce, ya ba Kawu. Kafin ya hau mota ya roƙi harsashi ɗaya mai farce biyu, ya ce zai nuna wa abokan aikinsa. Kawu ya ba shi, ya ce in gaya masa ya dawo da kwanson.

A hanyar gida na ce, "Kawu, da ka gaya mini." Ya ce, "Da ka tambaye ni. Kwana nawa kana kallona kamar wanda ya haɗiyi ƙashi." Ya ɗan yi tafiya, sannan ya ce, "Ni na ɗura su da hannuna, ɗaya ɗaya, shi ya sa da aka tambaye ni ban yi dogon zance ba. Kai ma ka sami abin da za ka sani haka." Ba zan ce na warke daga halina na dogon zance ba, duk wanda ya karanto daga sama ya ga ban warke ba. Amma a shekarun da na yi ina aiki, ban sa hannu a takardar da ban karanta da idona ba, kuma ina jin daga gonar nan na ɗauko.

Geron ya ƙosa, aka yanke shi, aka ɗaure dammuna aka rataye a rumbun Kawu ba a taɓa ba har damina. Da ruwa ya sauka, mazan da suka dawo daga cin rani suka yi layi a gindin tsamiya, Inna tana auna wa kowane gida nasa irin da ƙwaryar nan. Duk wanda ta zuba wa sai ya ce, "Inna, wannan ce aka harba?" Ta ce, "Ita ce, riƙe buhunka da kyau." Kwalin sukarin kuwa Kawu bai yar ba. Ya ci gaba da amfani da shi, in baƙo ya zo ya nuna masa ya ce, "Wannan lakwal ɗin Mushe ce."

Kawu da Inna da Baba Idi duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Tsamiyar ma an sare ta an yi shago. Na san akwai sauran waɗanda suka karɓi irin nan, ko suka ji labarin daga bakin iyayensu, a Matameye ko Dungu ko can Kano inda wasu suka zauna. Ina roƙonsu, in na kuskure, su aiko mini da gyara. Mai yiwuwa harsashin kore ne ba ja ba. Mai yiwuwa takun sha biyu ne, ko kuma Baba Idi ne ya yi maganar da na sa a bakin Inna. Duk wannan zan karɓa da godiya in gyara. Abu ɗaya ne ba na neman gyara a kansa, don ina tsaye a wurin da toka a idona na gani: ƙwaryar ba ta yi yoyo ba.